Siket Ɗin da Na Rage Sau Uku

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali. Allah ya ƙara miki ƙarfin jiki a kan wannan aiki naki na jinyar tsofaffin mutane, ya sa gumin da kike yi a can ya zame miki alheri, ke da marainiyarki. Mu nan gida da sauƙi. Gwiwar Inna ta ɗan lafa tun da aka canza mata magani, har tana iya takawa zuwa bakin ƙofa ta zauna tana yi wa masu wucewa tambayoyin da ba su shafe ta ba. Baban yara ya samu an gyara masa injin motarsa bayan ta yi mako uku a gareji, ya koma ɗaukar fasinja, mu kuma kunnuwanmu sun huta da mitarsa. Yaya Dogo an mayar da shi reshen da ke kusa da gida, yanzu da ƙafa yake zuwa aiki, yana cewa wai likita ne ya sa shi, alhali kowa ya san rowar mai ce. Rufin shagona da yake yoyo a kan teburin yanka shi ma an toshe shi kafin ruwa ya yi mini ɓarna.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutun hannuna, tunda kusan kullum muna gaisawa a waya. Na zaɓi takarda ne don in na fara wannan magana da baki za ki katse ni da kuka, ni ma in biye miki, mu rabu ba a faɗi komai ba. Ban da haka ma, a 'yan kwanakin nan ko taɓa waya na yi sai in ji kamar na dafa wani abu mai yauƙi. To ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa, kuma ki fara riƙe wannan: 'yarki tana raye, tana gida, a ɗakin da ke kusa da nawa. Amma ta yi kwana tara a asibiti a watan da ya wuce. Duk lokutan nan da kika kira muka ce miki tana wajen darasi ko tana barci, ƙarya muka yi miki, kuma ni na sa kowa ya yi ta. Ki yafe mini. Amana kika bar mini shekara huɗu da suka wuce, ta kusa salwanta a hannuna, ina kallo da idona biyu, har ina yabawa.

Abin ya faro ne bara, 'yan watanni bayan wayar da kika aiko mata don ta ci jarrabawa. Wata rana ta kawo mini siket ɗinta na makaranta ta ce ya yi mata yawa. Na sa tef na auna, na ga inci biyu ne, na rage a kan keke cikin minti goma ina hira da wata mai kawo ɗinki. Matar ta dube ta ta ce kai, wannan yarinya ta fara zama budurwa, jiki ya fara fita. Ni ma na yi dariya na ce ai kumatun ma sun fara sauka. Bayan wata biyu ta sake kawo shi, na sake ragewa. A karo na uku sai da na farke shi gaba ɗaya na sake yanka, don babu sauran wurin kamawa, kuma wallahi Auta abin da ya zo mini a rai a ranar bai wuce cewa ɗinkinta ya yi sauƙi ba, yadi kaɗan ya ishe ta. Shekara ashirin da biyu ina auna jikin mata, na san bambancin mai tsayi da mai ramewa ko a duhu, amma a kan tawa sai na makance. Matan da ke zuwa shago kuwa kowacce sai ta tambaye ta sirrin. Har da wata malamar makaranta mai 'ya'ya biyar da ta riƙe hannunta tana roƙon ta rubuta mata abin da take ci. Yarinya 'yar shekara goma sha shida, manyan mata sun kewaye ta suna yi mata kirari a kan yunwa.

A gida dabara ta yi mana iri-iri. Da safe ta ce za ta ci a makaranta, da rana ta ce ta ci a can, da yamma ta ɗauki farantinta ta ce karatu za ta yi a ɗaki. Ta koma son girki, ita ke soya mana ƙwai, ita ke zuba wa kowa, ta tsaya tana kallon bakinmu har mu gama, ni kuwa ina ta sa mata albarka. Baban yara ya ce tsayi take yi, a ƙyale ta. Inna ce kaɗai ta yi ta faɗin yarinyar nan bushewa take yi, muka ce Inna ai a wurinki duk wanda bai cika kujera ba marar lafiya ne. Ashe abin da babba ya hango, mu da muke ganin mun waye ko mun hau tsani ba mu gan shi ba. Tef ɗin awona ya ɓace sau uku, ina ta zargin mantuwata. Tana sa rigar sanyi ana tsananin zafi, na ce yayi ne. Sai wani wari ya fara tashi daga ɗakinta, na ɗauka ɓera ne ya mutu. Na janyo akwatin guntayen yadi da ke ƙarƙashin gadonta, na tarar da ledoji a ɗaure sun fi goma sha biyar, shinkafa da burodi da ƙwai, wasu sun yi baƙi, wasu sun yi gashi, tsutsa tana fita daga ɗaya. Na yi amai a bakin ƙofa. Kin san me na yi bayan nan? Faɗan almubazzaranci na yi mata. Na ce mata akwai masu kwana da yunwa a duniya, ban san ina magana da ɗaya daga cikinsu ba. Ban tambaye ta dalili ba ko sau ɗaya.

Kwana shida bayan haka malamarsu ta kira ni ta ce yarinyar ta yanke jiki ta faɗi a kan matakalar aji, goshinta ya fashe. Da na isa asibiti aka cire mata rigar sanyin a gabana, na ga abin da ban taɓa gani ba, don ta daɗe ba ta canza kaya inda nake. Haƙarƙarinta ana iya ƙirgawa daga bakin ƙofa. Likitar da ta duba ta wata 'yar matashiya ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta ce zuciyar yarinyar tana bugawa a hankali fiye da kima, gishirin jininta ya yi ƙasa ƙwarai, haƙoranta sun fara zaizayewa saboda amai da take janyowa da kanta, kuma al'adarta ta ɗauke wata biyar ke nan. Ta ce da an ƙara mako biyu ko uku, da wata maganar muke yi. Ta gaya mini cuta ce mai suna, cutar ƙin cin abinci, ba taurin kai ba ne, ba kuma iskanci ba, don haka kada kowa ya yi mata faɗa ko ya ɗura mata abinci da ƙarfi. Na tsaya a wurin da alli a bayan kunnena, don haka na fito daga shago, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Aka sa mata ƙarin ruwa. Da ta farfaɗo, abin da ta fara tambayar ma'aikaciyar jinya shi ne ko ruwan nan yana sa ƙiba.

A rana ta uku likitar ta lallashe ta har ta yarda ta buɗe mana wayarta. Auta, na taɓa wanke gyambon Inna, na taɓa kwashe mataccen kare daga magudanar bayan shago, amma ban taɓa jin ƙyama irin ta ranar nan ba. Wani zaure ne suka buɗe a waya, 'yan mata sun fi ɗari biyu a ciki, akwai ma wadda ta rubuta cewa shekararta goma sha biyu. Kowace safiya sai kowacce ta ɗauki hoton ƙugunta da tef a zagaye ta tura, kin ga inda tef ɗina ya tafi. Wadda ta ci abinci dole ta zo ta yi iƙirari kamar ta yi sata, sauran su taru a kanta, wannan ta ce mata saniya, waccan ta ce buhu, wata ta turo hoton alade. Wadda ta fi daɗewa ba ta ci ba ita ce sarauniyar mako. Ranar da 'yarki ta faɗi, wata 'yar ajinsu ta kai labari cikin zauren, kuma na karanta da idona yadda suka yi ta taya ta murna, wai suma alama ce ta aiki yana kyau. Babu wadda ta tambaya ko tana da rai. Wata ma shawara take ba ta yadda za ta yaudari masu jinya. Na so in tsani yaran nan, sai na tuna kowacce 'yar wani ce, kuma a wani gida akwai wata wawiya irina tana rage mata siket. Ita kanta wayar kuwa ba ta da imani. Sau ɗaya na nemi irin hotunan a tawa don in fahimci abin, yau mako uku ke nan ko samfurin hannun riga na nema sai ta turo mini ƙugu goma kafin ta nuna mini hannu ɗaya. Ni mai shekara arba'in da tara na kama kaina ina dafa tumbina a gaban madubin shago. To ina ga yarinya?

A saman zauren akwai hoton wadda ta kafa shi, mai kiran kanta Mai Siririn Ƙugu. Ita ke sayar musu da wani shayi a kwali mai ruwan hoda, wanda likita ta ce ba komai ba ne illa maganin sa gudawa mai ƙarfi da aka haɗa da ganye. Kwali huɗu muka samu a jakar makarantar 'yarki. Kafin in gane fuskar matar, rigar na gane. Koriyar riga ce mai tattara a kafaɗa da leshi a wuya, ni na zaɓi leshin, ni na yi kalmasar da hannuna saboda keke yana cin yadin. Kin tuna matar nan da muke ce wa Mai Turare, wadda ƙamshinta ke riga ta shigowa shago? Ita ce. Shekara shida ina mata ɗinki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma tela ba a ɓoye masa ƙugu. Nata inci arba'in da ɗaya ne, yana rubuce a littafin awona. Kowace riga sai na saka mata ƙarin yadi ta ciki, kuma tana zuwa da wata ɗamara mai ƙugiyoyi wadda ni da kaina na sha ɗaure mata, ina ja tana nishi. A hoton kuwa ƙugun bai fi a zagaye shi da tafin hannu biyu ba, har ƙyauren ƙofar da ke bayanta ya lanƙwashe saboda matsar da aka yi wa hoton. Ba ƙibarta ce ta dame ni ba, jikinta daidai yake, irin jikin da Allah ya ba yawancinmu. Abin da ya dame ni shi ne ta san ƙarya take yi, ta kuma san su wa take yi wa.

Ranar Asabar ta zo karɓar ɗinki, lokacin 'yarki tana kwana na shida a gadon asibiti. Da na jiyo turarenta sai na ɗauke almakashi na sa a aljihun tebur na rufe, don ban yarda da hannuna ba. Na nuna mata hoton yarinyar da robar ƙarin ruwa a hannu, na gaya mata ko 'yar wace ce da abin da aka samu a jakarta. Ta ce Allah sarki, Allah ya sawwaƙe, da irin muryar da ake yi wa wanda ya yi tuntuɓe sannu. Ta ce ita ba ta ɗura wa kowa ba, a jikin kwalin an rubuta na manya ne, zauren kuma wata yarinya ta ɗauka take kula mata da shi, ita ko leƙawa ba ta yi. Ta ce gyaran hoto kuwa kowa yana yi, kuma in ba su saya a wurinta ba za su saya a wurin wata. Na tambaye ta ko 'yarta, wadda na ɗinka wa kayan makaranta bara, tana shan shayin. Ta dafe ƙirji ta ce Allah ya kiyaye, ai tata cikinta ba shi da ƙwari. Kafin in gama haɗiye wannan sai ta dubi agogo ta tambaye ni ko rigar ta kammala, don tana da bidiyon da za ta ɗauka da yamma. Na kwaso yadinta kala uku da rigar da ban sa wa zip ba, na zuba mata a hannu, na ce kada inuwarta ta sake giftawa ta ƙofar shagona. Ta fita tana cewa teloli sun fi ƙudaje yawa a layin nan. Na wanke hannuna da sabulu sau uku, amma ƙamshinta ya wuni a labule. Likita ta taimaka mana muka kai ƙara inda ake kai irin wannan, aka karɓi kwalin, aka rufe shafinta. Bayan kwana huɗu ta buɗe wani da sabon suna, kwalin ya koma ruwan ɗorawa.

Da aka sallamo 'yarki na ɗauka maganin yana hannuna. Na yi abin da ban taɓa yi ba a sana'ata, na buɗe mata littafin awo na nuna mata shafin matar, na ba ta labarin ɗamarar da ƙarin yadin. Ina jiran in ga ta zabura ta ce ashe yaudararta aka yi. Ta duba kawai ta mayar mini. Ta ce ai ta sani, dukansu sun sani, su ma suna da abin matse hoton a wayoyinsu. Ta ce sanin ba ya hana komai, don in ta tsaya gaban madubi ba matar take gani ba, kanta take gani, kuma akwai wani abu a kanta da ke gaya mata ta cika wuri da yawa. Sai ta karɓi wayarta, ta buɗe wani wuri da ta adana hotuna biyu kacal, ta miƙo mini ba ta dube ni ba. Nan ne maganar da ta sa na ɗauki biro, kuma ina roƙonki ki karanta ta a matsayin maganar yayarki da ta goya ki.

Hotunan saƙonninki ne guda biyu. Na farko a ƙarƙashin hotonta ne da kika sa ranar da sakamakon jarrabawa ya fito, tana sanye da rigar nan mai ruwan ƙwai, tana dariya da yankan kek a hannu. Kin rubuta a inda kowa ke gani cewa Kumatu a rage ci mana, kika jera fuskokin dariya. Na san wasa kike yi, ni ma a lokacin na gani na yi dariya, 'ya'yan Yaya Dogo ma suka biyo baya da nasu. Abin da ba mu sani ba shi ne wata 'yar ajinsu ta kwashi hoton da maganarki ta watsa wa 'yan makaranta, aka yi wata guda ana yi mata kukan saniya in ta wuce, ana cewa uwarta ma ta faɗa. Na biyun bayan wata bakwai ne, lokacin da na rage siket karo na biyu. Kin rubuta cewa yanzu ta fito 'yar uwarta sak, ta ci gaba a haka. Ta ce duk lokacin da yunwa ta kusa fin ƙarfinta sai ta buɗe na farkon, ta buɗe na biyun, ta sha ruwa ta kwanta. Magana zarar bunu ce, Auta, kuma ta waya ta fi muni, don ta baki iska kan tafi da ita, wannan kuwa tana nan ana buɗewa kullum. Sannan ga hotunanki da kike sawa. Ni na yi miki wanka kina jaririya, na san hancinki da damatsanki, irin na Inna ne kamar nawa. Matar da ke cikin hotunan nan ba ke ba ce. Yarinyar nan shekara huɗu ba ta ga uwarta ba sai a nan, ita take ƙoƙarin kamowa.

Kada ki ɗauka na tattara laifin na aza miki. Nawa ya fi naki nauyi, ke kina nesa, ni tef yana wuyana. Mu duka muka laƙaba mata Kumatu tun tana zanen goyo, ba mu taɓa tambayarta ko tana so ba, alhali kumatun na marigayi babanta ne, su kaɗai ya bar mata. Yanzu an daina wannan suna a gidan nan, da sunanta na gaskiya ake kiranta, har Inna da bakinta ya saba tana gyarawa in ta yi suɓul. Na cire dogon madubin ɗakinta. Wayar tana wurina bisa yardarta, tana karɓa awa ɗaya a falo inda muke. Tana cin abinci kaɗan-kaɗan sau shida a rana kamar yadda aka tsara mata, ni kuma ina rufe shago da tsakar rana in dawo in zauna da ita, in ci abin da take ci. Ba zan yi miki ƙarya ba kuma, abin da wuya. Yankan burodi ɗaya da ƙwai kan ɗauke ta kusan awa guda. Akwai ranar da ta yi jifa da kofin madara ta ce na tsane ta, so nake ta zama abin dariya, ta yi kuka har muryarta ta dushe, na share ƙasa na zuba wani na dawo na zauna. Gashinta yana zuba a matashin kai. Amma zuciyar ta daidaita, kuma kowace Laraba muna zuwa wurin wata likitar da ke zama da ita su yi magana su biyu. Sun ce abu ne na watanni, wataƙila shekaru, kuma za a yi ta ci gaba ana komawa baya. Sannu ba ta hana zuwa. Inna ma ta samo tata dabarar, sai ta ɓare lemu ta ce haƙoranta sun gaza, a taya ta kada ya lalace. Yarinyar ta san wayo ne, wani lokaci takan karɓi ɓari biyu don tsohuwa ta yi shiru.

Ga abin da nake nema a wurinki. In kun yi magana, kada ki ce ta rame, kada ki ce ta murmure, kada ki tambayi abin da ta ci, likita ta ce jikinta ya fita daga bakin kowa. Ki tambaye ta lissafi, ko littafin da take karantawa, ki ba ta labarin tsofaffinki masu rigima. Ki sa wani ya ɗauke ki hoto da kayan aiki, yadda kike in kin tashi a gajiye, ki aiko mata shi ba gyara. Kuma ki je wurin shugabarku ki nemi hutu, ko na mako biyu ne, don akwai abin da yayar uwa ba ta iya yi sai uwa. Shekaranjiya yarinyar ta biyo ni shago, tana zaune tana zura mini zare a allura saboda idona ya fara gajiya. Ba tare da ta ɗago kai ba ta tambaye ni, wai in ta koma yadda take da, ko mamanta za ta ƙara sa hotonta inda mutane za su gani. Na buɗe baki zan ce mata ƙwarai kuwa, sai na fasa, don na gaji da amsa mata da bakin wasu. Na ce ta tambaye ki. Ta ce ba za ta iya ba. To ga shi na tambayar mata. Duk Larabar da ta biyo bayan isowar takardar nan, ƙarfe biyar na yamma agogonmu, mun dawo daga asibiti, wayarta tana hannuna, zan miƙa mata. Ki kira da murya kawai, ban da bidiyo. Ki yi kukanki ki gama kafin lokacin.

Ki gaishe mini da Kawu Mai Gemu da matarsa da yaransu, ki ce masa maganin gwiwar da ya aiko wa Inna ya iso. Ki gaida 'yar gajeruwar nan abokiyar zamanki, Allah ya saka mata da alheri a kan yadda take kula da ke, ki ba ta takardar nan ta karanta in kin ga ba za ki iya riƙe ta ke kaɗai ba. Inna tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci. Baban yara da Yaya Dogo da iyalinsa duk suna gaisuwa. 'Yarki ta san ina rubuto miki, ba ta nemi ta karanta ba, amma ta ce rubutuna kamar tafiyar kaza ne, ba zai kai takarda ko'ina ba. Adireshin da kika gani a bayan ambulan, hannunta ne.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Yayarki Tela